Sikeli Ya Tsaya Cak: Abin Da Za Ka Bincika Kafin Ka Ƙara Rage Tuwo

Wata shida na yi ina sauka ba wata tangarɗa. Na fara da kilo 98, ranar da likita ya auna jinina ya ce in zaɓa, ko in rage tumbi ko ya ƙara mini ƙwayar magani. Na sauke manhajar ƙirga kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, a waya, na yanka wa kaina 2,000 a rana, na kuma riƙe. Har wanduna uku na kai wa telana a Wunti ya rage musu ƙugu. Ina isowa kilo 87 sai abu ya cije. Mako ɗaya, biyu, har biyar, kullum da safe 87 da 'yan ɗigo, yau ya hau kaɗan gobe ya sauka kaɗan, kamar mai yi mini gwalo.

Shawarar da na yanke ita ce in daina cin abincin dare ɗungurungum. Ƙanwata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta shigo ran Juma'a ta tarar an kawo tuwo na ture shi gefe. Da na yi mata bayani sai ta ce, "Yaya, kafin ka kashe kanka da yunwa, ka taɓa auna man da Anti take zubawa a miya?" Ban taɓa ba. Wata shida ina ƙirga kalori, amma abin da ya fi kowa kalori a gidan ban san yawansa ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Mutum yana ramewa ne saboda akwai giɓi tsakanin abin da jikinsa ke ƙonawa da abin da yake ci. Idan nauyi ya tsaya, galibi giɓin ne ya rufe, kuma daga ɓangare biyu yake rufewa a lokaci guda: jikin da ya ragu ba ya ƙona abin da yake ƙonawa a da, hannun da ya gaji da awo kuma ya fara ƙara loma ba da sanin mai shi ba. Aikin da ke gabanka shi ne gano ta ina naka ya rufe. Ga yadda na bi, a jere, kuma jerin yana da dalili.

Da farko: tsayuwar gaske ce, ko ruwa ne?

Sikeli ba kitse kaɗai yake aunawa ba. Yana auna ruwan jikinka, da abincin da ke hanji bai fita ba, da komai. Daga safe zuwa dare mutum kan bambanta da kilo ɗaya ko fiye. Ka ci tsire da yaji mai gishiri da dunƙule a daren Laraba, safiyar Alhamis jiki ya riƙe ruwa. Ka ci shinkafa da yawa, jiki ya tara sitacin ajiyar da ake kira gilaikojin a hanta da tsoka, kowane giram ɗinsa kuma yana jan ruwa kimanin giram 3. Ka fara sabon motsa jiki gaɓoɓi su yi tsami, nan ma ruwa ne ke taruwa a tsokar. Ciki ya ɗaure kwana biyu, shi ma nauyi ne. Ke kuma 'yar'uwa, kwanakin da ke gab da al'ada kan ƙara miki ruwa har ya ɓoye duk abin da kika rage a makon.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1944 da 1945, Ancel Keys ya jagoranci wani gwaji a Jami'ar Minesota da ke Amurka, inda maza 36 suka yarda aka rage musu abinci kusan rabi na tsawon mako 24. Sun rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Amma da tafiya ta yi nisa, da yawansu ƙafafu suka kumbura da ruwa, har nauyin da ake gani a sikeli ya daina nuna ainihin ramar da suke yi. Idan ruwa zai iya ɓoye ramar mutanen da ke cikin yunwa irin wannan, ɓoye rabin kilon da ka rage ba wani aiki ba ne.

Saboda haka ka daina yanke hukunci da awon rana ɗaya. Ka hau sikeli kullum bayan ka zaga, kafin ka sha ko ruwa, da kaya marasa nauyi, a kan daɓen siminti ko tayil, ba a kan kafet ba. Ka rubuta. Ran Lahadi ka tara bakwai ɗin ka raba da 7. Wannan matsakaicin shi za ka riƙa gwadawa da na makon jiya. Mace ta gwada makon da take ciki da takwaransa na watan baya. Sannan ka sayi tef irin na tela ka riƙa auna ƙugu daidai cibiya sau ɗaya a mako, ba tare da ka tsuke ciki ba. Abin da ake so shi ne ƙugu ya kasa rabin tsawonka. Idan matsakaicin mako bai motsa ba har mako uku zuwa huɗu, tef ma bai motsa ba, to tsayuwar gaske ce. Idan tef yana sauka, ka bar komai yadda yake, ba abin da ya lalace.

Nawa, mako biyar, ba sikeli ba tef.

Na biyu: binciki tukunya

Nan ne akasarin matsalar take, don haka nan zan daɗe.

A 1992 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga wani bincike da aka yi a birnin Niyok kan mutanen da suka dage cewa ba sa cin abin da ya kai kalori 1,200 a rana amma ƙiba ta ƙi sauka. Da aka auna su da na'urori sai aka tarar jikinsu yana ƙona abinci daidai da na kowa. Abin da ya faru shi ne sun rage kusan kashi 47 cikin 100 na abin da suke ci wajen faɗa, motsa jikinsu kuma sun ƙara masa kusan kashi 51. Ba ƙarya suka shirya ba. Haka ɗan Adam yake da abinci. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to ni dai na gwada, a kan mai ido bai san komai ba.

Mu kuma muna da ƙarin matsala. Manhajojin nan an gina su ne don mutanen da abincinsu ke zuwa a kwali da rubutu a jiki. Ka rubuta tuwo ko miyar kuka, abin da zai fito wani ne can ya shigar da shi da ka, ba ka san girman malmalarsa ba, ba ka san hannun matarsa a mai ba. Mafita ita ce ka daina ƙirga dafaffe, ka koma ƙirga ɗanye. Kana buƙatar ƙaramin sikelin kicin mai batir, irin wanda masu kek ke amfani da shi, da kuma waɗannan alƙaluma a kai: giram ɗaya na mai, ko na gyaɗa ko manja ko man shanu, kusan kalori 9 ne, wato babban cokali ɗaya kimanin 120. Giram ɗaya na sitaci ko sukari 4, na furotin, wato sinadarin gina jiki, ma 4. Ɗanyar shinkafa, garin masara, gero da dawa duk suna wajen 360 a giram 100. Busasshen wake wajen 340. Gyaɗa ta haura 560.

Sai dai kafin sikeli ya shiga kicin, sai an yi siyasa. Ranar da na shiga da nawa, uwargida ta dube ni ta ce, "Maigida, yanzu kuma har ludayina za a sa wa ido?" Na ce ranki ya daɗe, ba hannunki nake tuhuma ba, cikina nake bincike. Yarjejeniyar da muka yi ita ce ba zan tsaya mata a kai ba. Zan ɗora kwalbar mai a sikeli kafin ta fara, in sake ɗorawa bayan ta gama. Bambancin shi ne abin da ya shiga tukunya.

Miyar dage-dagen da aka yi ranar ta sha man gyaɗa giram 150, kalori 1,350 ke nan. Nama rabin kilo mai ɗan kitse, na sa masa 1,100. Tumatir, tattasai, attaruhu da albasa duka ba su wuce 200 ba. Jimla 2,650. Na auna miyar bayan an sauke, na cire nauyin tukunya, ta ba ni kilo 1.8. Ashe kowane giram 100 yana ɗauke da kusan 150. Abin da ake zuba mini giram 200 ne, wato wajen 300. A manhaja kuwa wata shida ina rubuta 120.

Tuwo ya fi sauƙi. A auna garin da aka tuƙa. Idan kilo ɗaya ne, 3,600 ke nan, idan ya ba da malmala goma masu girma ɗaya, kowacce 360. Ka yi wannan sau biyu ko uku ka san malmalar gidanku, ba sai ka sake ba. A shinkafa ka kula da wani kuskure da ke kayar da mutane: giram 100 na ɗanya 360 ne, na dafaffa kimanin 130, saboda ta sha ruwa. Ka tabbatar wadda ka auna ita ka zaɓa a manhaja.

Sai masa. Ɗan Bauchi ne ni, kuma duk tsarin da zai raba ni da masa da miyar taushe na san ba zai kai wata ba. Abin da na yi shi ne na roƙa aka yi ta a gida ran Asabar, na auna komai. Shinkafa giram 500, kalori 1,800. Sukari giram 40, 160. Man da tanda ta sha giram 120, 1,080. Aka samu masa 30. Raba 3,040 da 30, kowace ɗaya ta kama ɗari. Ni kuwa 60 nake rubutawa, kuma biyar nake ci, sau uku a mako. Ta mai masar unguwarmu ma ta fi ta gida girma da maiƙo, ledar da take sakawa a ciki ta isa shaida. Duk abin da aka soya haka yake, ƙosai, awara, dankali, doya da ƙwai: rabin labarinsa a kasko yake.

Bayan tukunya, sai abubuwan da ba ma kiransu abinci. A teburina na ofis akwai kwalbar soyayyar gyaɗa. Tafin hannu ɗaya na auna, giram 30, kusan 175. Ban taɓa rubuta ta ba, don ai ba ci ba ne, taɓawa ce. Shayin yamma a teburin mai shayi, rabin gwangwanin madarar ruwa wajen 100 ne, ƙaramin cokali ɗaya na sukari 16, mai shayi kuma ba a shafe yake ɗebowa ba. Lemon roba mai santilita 50 ya haura 200. Kunun zaƙi, zoɓo, kunun aya da fura da nono, sukarin da ke cikinsu sai wanda ya dama ya sani, ciki kuma ba ya lissafa abin sha kamar yadda yake lissafa tuwo, ka sha 300 ka tashi da yunwarka. Dabino giram 100 wajen 280 ne. Uwa mai ƙarasa ragowar kwanon yara don kada a zubar, da mai ɗanɗana miya sau huɗu, duk wannan ci ne.

Akwai kuma ƙarshen mako. A ce daga Litinin zuwa Juma'a ka bar giɓin 380 kullum, ka tara 1,900. Asabar ɗaurin aure a Gwallameji, daga nan walima: jalof, soyayyen nama, lemo biyu, cincin a aljihu. Lahadi ziyara gidan Hajiya, wadda ba a ce mata an ƙoshi. Cikin kwana biyu 1,900 ɗin ta tafi, ran Litinin ka hau sikeli kana cewa ai ni duk mako ban ci komai ba. Jiki ba ya rufe littafi da daddare, mako yake haɗawa. Ni yanzu idan na san akwai biki, nakan ci ƙwai biyu da ganye kafin in fita don kada in je da yunwa, in ci nama da shinkafa daidai, in ɗauki ruwa a bar lemo. A gidan Hajiya kuma na koyi cewa, "Hajiya, a juye mini a kula in tafi da shi," ta ji daɗi, yara su cinye.

Idan a faranti ɗaya kuke ci da 'yan'uwa ko abokan majalisa, ƙirga ba za ta yiwu ba. Ka ɗebi naka a kwano tun farko. Za a yi maka tsiya kwana uku, daga nan a saba.

Ka yi wannan bincike kwana 14 cur, har da Asabar da Lahadi, ba tare da ka canza yadda kake ci ba. So kake ka kama gaskiya, ba ka burge manhaja ba. Nawa ya nuna ina cin wajen 2,350 a rana, ni da nake rantsuwa a kan 2,000.

Na uku: sake lissafin abin da jikinka ke buƙata yanzu

Adadin da ka yanka wa kanka a farko na wani mutum ne da ya fi ka nauyi. Akwai lissafin da masana abinci suka fi amfani da shi, na Mifflin da St Jeor, wanda aka fitar a 1990. Ka ninka nauyinka na kilo da 10. Ka ninka tsawonka na santimita da 6.25 ka haɗa. Ka ninka shekarunka da 5 ka cire. Namiji ya ƙara 5, mace ta cire 161. Abin da ya fito shi ne abin da jiki ke ƙonawa ko da kwance ka wuni. Sai ka ninka shi da 1.2 idan zama ne aikinka, 1.375 idan kana ɗan motsawa, 1.55 idan kana motsa jiki sosai yawancin kwanaki. Yawancinmu mukan ɗauki kanmu a sama da inda muke, don haka idan kana shakka ka ɗauki na ƙasa.

Ni shekarata 44, tsawona 172. Ina kilo 98 lissafin ya ba da 1,840, da aka ninka da 1.375 ya zama 2,530. A kilo 87 ya dawo 1,730, wato kusan 2,380 a rana. Kalori 150 sun tafi tare da tumbin. Ka ɗora wannan a kan 2,350 da nake ci, ka ga ba sauran giɓi. Ba tsafi, ba ciwo. Mace mai shekara 35, tsawo 160, nauyi 78, nata zai ba da 1,444, a ninka da 1.375 ya kusa 1,990.

Gaskiya ne jiki kan ƙara tsuke hannu fiye da yadda lissafi ya nuna idan an daɗe ana rage masa. Misali mafi tsanani shi ne na mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka, suka zubar da kimanin kilo 58 kowanne cikin mako 30. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna bayan shekara shida jikinsu yana ƙona kusan kalori 500 ƙasa da yadda ake tsammani. Amma wannan sakamakon rama ce ta ganganci. Mai sauka a hankali nasa bai kai haka ba. Maganar da ake yaɗawa cewa idan ka rage ci jiki zai kulle ya daina ramewa gaba ɗaya kuwa, mutanen Minesota sun isa amsa.

Kilo ɗaya na kitsen jiki kimanin kalori 7,700 ne. Giɓin 400 zuwa 500 a rana zai ba ka wajen rabin kilo a mako, kuma ya isa. Idan bincikenka ya nuna ka zarce, ba sabon adadi kake buƙata ba, komawa kan tsohon da gaske kake buƙata. Idan kuma lissafinka daidai yake, ka cire 100 zuwa 200 kawai, daga mai da abin sha, ba daga nama da wake ba. Kada mace ta sauka ƙasa da 1,200, namiji ƙasa da 1,500, sai da kulawar likita. Abu ɗaya za ka canza ka ba shi mako biyu zuwa uku. Idan ka canza biyar a tare, ba za ka san wanda ya yi aiki ba, kuma ba za ka iya riƙe su ba.

Na huɗu: motsin da ya sulale

Wannan ban lura da shi ba sai da na duba ma'aunin taku na wayata. A watannin farko ina yin taku 8,000 a rana. A makonnin tsayuwa na dawo ƙasa da 5,000. Na koma hawa Keke Napep zuwa inda a da nake takawa, ina aiken yaro shago, ina sallar la'asar a masallacin ƙofar ofis maimakon wanda ke gaba. Jikin da aka rage wa abinci yakan rage motsi a ɓoye. A 1999 James Levine na asibitin Mayo ya ƙara wa mutum 16 kalori 1,000 kullum har mako takwas. Wani kitsen da ya ƙara bai kai rabin kilo ba, wani ya haura kilo huɗu, kuma babban abin da ya raba su shi ne ƙananan motsin yini: tsayuwa, kai-komo, mutsu-mutsu.

Ka duba matsakaicin takunka ka ƙara 2,000 a kai. A zafin Maris da Afrilu na Bauchi ba mai hankalin da zai ce ka taka da tsakar rana, don haka bayan asuba ko bayan isha'i. Masu zuwa filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa da sassafe su sani zagayen filin tsere na ƙa'ida mita 400 ne, goma ke nan kilomita huɗu. Mai nauyina yana ƙona 50 zuwa 60 a kilomita, wato zagaye goman nan lemon roba ɗaya ne. Shi ya sa ban yarda mutum ya ƙara ci da sunan ya motsa jiki ba. Agogunan hannu ma ba abin dogaro ba ne a nan: da Jami'ar Stanford ta gwada guda bakwai a 2017, wanda ya fi kowanne daidai ya kauce da kashi 27 cikin 100 wajen ƙiyasin kalori.

Na biyar: tsare tsoka

Duk mai ramewa yana rasa kitse da ɗan tsoka, tsoka kuma ita ce ba ka so ta tafi. Abu biyu ke tsare ta. Na ɗaya furotin, giram 1.2 zuwa 1.6 a kan kowane kilo na nauyinka, wato ni tsakanin 105 da 140 a rana. Ƙwai ɗaya 6 ne. Busasshen wake giram 100 yana da wajen 23. Dafaffen nama marar kitse ko kaza giram 100 ya haura 25. Furotin ya fi riƙe ciki, jiki kuma yana kashe kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na kalorinsa wajen narkar da shi. Ba sai mai kuɗi ba: alale maimakon ƙosai, awara a cikin miya maimakon a kasko, busasshen kifi, kindirmo ba sukari, faten wake da alayyafo, kwaɗon zogale da ƙuli daidai misali. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai ya tambayi likitansa.

Na biyu ɗaga nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla kwana biyu a mako, ban da minti 150 na motsa jiki matsakaici. Jarkar ruwa mai lita 10 kilo 10 ce. Ka rungume ta ka tsuguna ka miƙe sau goma, ka huta, ka maimaita sau uku. Ka dafa ƙasa ko bango ka riƙa ture jikinka. Ka ɗauki jarka biyu ka zagaya tsakar gida. A makon farko sikeli zai iya hawa saboda ruwan da na ambata, kada ka firgita.

Barci kuma kada a raina shi. A wani gwaji na Jami'ar Shikago a 2010, mutum goma sun ci abinci iri ɗaya da aka rage, mako biyu suna kwanciyar awa takwas da rabi, wani mako biyun awa biyar da rabi. Nauyin da suka rasa kusan ɗaya ne, wajen kilo uku, amma da isasshen barci kilo 1.4 kitse ne, da ƙarancinsa 0.6 kawai. Wanda ke kan waya har ƙarfe ɗaya ya tashi asuba ya yi wa kansa lissafi. Idan dare ya gaza, ƙailula tana rage asara.

Idan ka gaji

Wanda ya yi wata biyar ko shida yana ragewa, ya fara jin sanyi, saurin fushi, tunanin abinci dare da rana, ba ƙarin ragi yake buƙata ba. Ya ɗauki mako biyu yana cin daidai abin da jikinsa ke ƙonawa, yana ci gaba da awo. Wani bincike a Ostireliya kan maza masu ƙiba ya nuna waɗanda suka riƙa yin mako biyu na ragi, mako biyu na hutu, sun fi waɗanda suka yi a jere rasa nauyi. Ba duk binciken da ya biyo baya ne ya ga irin wannan bambanci ba, amma ko don hankali ya kwanta hutun ya biya kuɗinsa. Sikeli zai hau da kusan kilo ɗaya a kwanakin farko, ruwa ne da abin da ke hanji.

Masu azumin Litinin da Alhamis su sani ladan yana nan, amma idan aka buɗe baki da ƙosai, kunu mai sukari, soyayyen dankali, sannan tuwo, abin da aka bari da rana an mayar da shi kafin isha'i. Shayin rage tumbi da ake tallatawa kuwa, da yawansa filasko ne ko makamancinsa, zawo yake sawa, ruwa ne ke fita ba kitse ba. Ɗaure ciki da bel ko leda don a yi gumi ma haka, kofi biyu na ruwa ya dawo da shi.

Lokacin zuwa asibiti

Idan ka yi mako shida zuwa takwas kana awo na gaskiya, giɓi yana nan a takarda, amma ba sikeli ba tef, ka je a duba ka. Haka idan akwai kasala mai yawa, jin sanyi, zubewar gashi, kumburin ƙafa ko fuska, ko al'ada ta rikice tare da fitowar gashi a haɓa. Raunin ƙwayar tayirod da ke wuya da matsalar ƙwayayen mahaifa suna cikin abin da ake bincika, kuma gwajin jini ne da hoto, ana yinsu a asibitin koyarwa na nan Bauchi da sauran manyan asibitoci. Ka tafi da duk magungunan da kake sha. Irin su furedinisolon da dekzametason, insulin, wasu magungunan ƙwaƙwalwa, da allurar tazarar haihuwa ta wata uku ga wasu mata, suna iya ƙara nauyi. Kada ka daina kowanne da kanka. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura, rage abinci zai iya faɗar masa da suga, sai an daidaita maganin tukuna. Mai ciki ba ta cikin wannan magana baki ɗaya, mai shayarwa kuma ta fara da tambayar ma'aikatan lafiya.

Ni ban kai ga nan ba. Abincin dare na ci gaba da ci. Ludayin mai ya koma babban cokali ana ƙirgawa, masa ta dawo uku maimakon biyar, kwalbar gyaɗa na ba masinja, shayi na koma sha ba madara, na kuma dawo da takawa zuwa masallacin gaba. Matsakaicin makon farko 86.9, na biyu 86.4, na uku 85.8. Uwargida da ta fara da ƙorafi yanzu ita ke tuna mini a auna, tun da ta lura galan ɗin man da kan ƙare cikin mako uku ya shiga mako na biyar bai ƙare ba.